Shin zaurukan koyo na intanet suna taɓuka wani abu kan matsalolin duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a jami'a. Na shiga zaurukan koyo na intanet da ake tattauna sauyin yanayi, annoba da makomar ƙirƙirarriyar basira. Na yi rajistar darussa da dama, ban kai ƙarshen ko ɗaya ba. Su ma zaurukan da farko saƙonni kamar ruwan sama, daga baya sai su yi tsit. Shin da gaske irin wannan haɗuwa tana haifar da wani abu, ko ɓata lokaci ne kawai? In akwai mai amfani, yaya zan gane shi? Kuma takardar shaidar da suke bayarwa tana da daraja?

Amsa: Wa'alaikis salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki shi ke samun mafi yawan masu shiga. A shekarar 2011, Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford a Amurka sun buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira ga duk mai so. Mutum kusan 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. A 2012 dandalan darussan intanet na Coursera da edX suka fito, aka yi ta cewa jami'a ta zo ƙarshe. Da masu bincike suka duba darussan jami'o'in MIT da Harvard a dandalin edX, rahoton da suka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna masu kammalawa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Tsit ɗin da zaure ke yi shi ma sananne ne. Tun 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da yanar gizo, ya bayyana cewa a yawancin zaurukan intanet kusan kashi 90 karatu kawai suke yi, kashi 9 sukan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 ne ke ɗauke da kusan duk maganar. Ranar da wannan kashi ɗayan ya gaji, zaure ya mutu.

A ganina, zauren da aka gina a kan tattaunawa zalla taron tsintsiya ne ba shara. Waɗanda suka taɓuka abin a zo a gani, aiki ne ya haɗa mutanensu, koyon kuma ya biyo bayan aikin.

Ɗauki taswira. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a ranar 12 ga Janairun 2010, masu aikin ceto sun isa birnin Port-au-Prince ba su da taswirar kirki. Ɗaruruwan 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka hau OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya zanawa da gyarawa, suna kallon hotunan tauraron ɗan'adam suna zana tituna da gine-gine da sansanonin da mutane suka fake. Cikin 'yan kwanaki masu ceto suka fara amfani da taswirar. Daga nan ƙungiyar Humanitarian OpenStreetMap Team ta kafu, kuma a 2014 ta haɗa kai da ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙungiyoyin Red Cross na Amurka da Birtaniya suka ƙaddamar da Missing Maps, domin a zana yankunan da ke cikin haɗari tun kafin bala'i ya zo. A shekarar ne kuma aka zana garuruwan Gini da Laberiya da Saliyo lokacin annobar Ebola.

Ki lura da yadda aikin ke tafiya, domin nan amsar tambayarki take. Ana yanka yankin zuwa ƙananan murabba'ai. Ki ɗauki ɗaya, ki zana gidajen da ke ciki, ki miƙa. Wani gogagge ya duba, ya amince ko ya dawo miki da shi tare da bayanin inda kika kauce. Sannan mazauna yankin su sa sunayen unguwanni da asibitoci, abin da hoton sama ba zai taɓa nunawa ba. Kin ga akwai aiki ƙarami da za a iya gamawa a zama ɗaya, akwai mai gyara, akwai kuma wanda ke jiran sakamakon a fili. Wanda ya yi wata uku a nan ya koyi karanta hoton tauraron ɗan'adam fiye da wanda ya kalli bidiyon darasi goma, alhali babu wanda ya kira abin da yake yi darasi.

Haka lamarin yake a kimiyya. Foldit wasa ne na kwamfuta da Jami'ar Washington ta fitar a 2008, inda 'yan wasa ke lanƙwasa siffar furotin. A 2011 suka gano siffar wani furotin na ƙwayar cutar da ke sa wa birai cuta mai kama da ƙanjamau, cikin kusan mako uku, bayan masana sun shafe fiye da shekara goma abin ya gagare su. A Zooniverse kuwa, dandalin da 'yan sa-kai ke taya masana bincike, aikin Old Weather da aka fara a 2010 ya sa mutane kwafe bayanan yanayi daga tsofaffin kundayen jiragen ruwan sojin Birtaniya, masu nazarin sauyin yanayi suka samu ma'aunin zafi da iska na shekarun da suka wuce.

Batun makoma ya fi wuya, don a nan ne surutu ya fi arha: kowa zai iya faɗin abin da zai faru a 2050, babu mai kama shi da ƙarya yau. Shi ya sa nake girmama abin da masu bincike Philip Tetlock da Barbara Mellers suka yi a shirinsu na hasashe mai suna Good Judgment Project daga 2011. Sun sa dubban 'yan sa-kai yin hasashe kan tambayoyin da ke da wa'adi, kowa ya faɗi kashi nawa cikin 100 yake ganin abu zai faru, in wa'adi ya cika a ba shi maki. Sun gano cewa gajeren horo yana ƙara daidaito, kuma masu aiki cikin rukuni sun fi masu aiki su kaɗai. Dandalin hasashe na Metaculus, da aka buɗe a 2015, kan wannan turba yake. In zauren makoma bai taɓa komawa ya duba ko hasashen bara ya tabbata ba, hira ake yi.

Akwai giɓin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum kusan biliyan 2.6 ba sa kan intanet, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya. Yawancin tattaunawar kuma da Turanci ake yi. Sau da yawa waɗanda fari ko ambaliya suka fi shafa su ne ba sa cikin zauren da ake maganarsu. Don haka ki duba su wa ke tsara ajanda, da kuma ko bayanan da aka tara a buɗe suke ga kowa ko wani kamfani ne ke kulle su.

Kafin ki ƙara shiga wani zaure, nemi ki ga abin da suka gama a bara da wanda ya yi amfani da shi, ki kuma tambayi wa zai duba aikinki na farko. In an rasa amsa, ki wuce. Ki zaɓi guda ɗaya tak, ki ware masa awa biyu a mako, darasin da za ki ɗauka kuma ya zama wanda aikin ya nuna miki kina buƙata.

Takardar shaida tana nuna kin kammala darasi, tana kuma da ɗan amfani a takardar neman aiki, amma mafi yawansu jami'o'i ba sa lissafa su a matsayin makin digiri, sai in darasin ya fayyace haka tun farko. A OpenStreetMap da Zooniverse da Metaculus kuwa, gudummawarki tana rubuce ƙarƙashin sunan asusunki. Ki yi amfani da asusu ɗaya tun daga ranar farko, kada tarihin aikinki ya warwatse.