Tsutsa ta cika min durom ɗin taki, in zubar ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki. Dan Allah wata uku kenan ina tara taki a wani tsohon durom a bayan gida, ɓawon doya da na kankana da ragowar ganye da kashin kajina nake zubawa, don in samu na sa wa alayyahu da tumatirin da na shuka a buhu. Toh jiya na ɗaga murfi sai ga tsutsa danƙam, manya masu launin ƙasa-ƙasa, da na tona kuma na ci karo da wata fara ƙatuwa a naɗe, ga wasu masu ƙafafu da yawa. Maigida ya ce in zuba fiya-fiya ko a kwashe a kai bola. Ya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai dan Allah ki ba Alhaji haƙuri, kar a zuba fiya-fiyar nan, guba ce kuma wannan takin a gindin abin da za ku ci zai ƙare, sannan yawancin waɗanda kika gani su ne ma suke miki aikin.

Masu launin ƙasar nan ki ɗebo ɗaya a tsohon cokali ki duba da kyau. In kin ga jikinta a ɗan baje yake, gaɓa-gaɓa, fatar da ɗan tauri, tsawonta ya kai kamar santimita 2, to tsutsar ƙudan soja ce, wallahi ni murna nake in na gan ta a nawa juji. Uwar baƙa ce siririya, za ki ɗauka zanzaro ce amma ba ta harbi ba ta cizo, ba ta kuma bin kwanon abinci irin ƙudan gida, kwanakinta kaɗan ne ta yi ƙwai ta mutu. 'Ya'yan kuwa ci ne da su ba na wasa ba, ki jefa ɓawon kankana da yamma, jibi sai dai ki tarar da fatar bayan kamar takarda, a zafi irin namu na Kano cikin sati biyu zuwa uku sun gama girma sai su yi duhu su fara hawa bangon durom suna neman busasshen wuri, toh nan ne za ki kwasa ki watsa wa kajinki ki sha kallon wawaso. Masu kiwon kaji da kifi har kiwonta suke yi da gangan saboda tsadar abincin dabbobi.

Wadda za ki damu da ita daban take, ƙarama ce fara sol mai tsini ta gefe guda, ba ta cika wuce santimita 1 ba, wannan ta ƙudan gida ce. In ita ta yi yawa to an zuba nama ko kifi ko ragowar miya mai maiƙo, ko kuma takin ya jiƙe sharkaf yana wari. Ki daina zuba waɗannan, ki kawo busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa ko garin katako daga wajen kafintoci ki cakuɗa, duk sanda kika zuba sabon ɓawo ki binne shi a ciki.

Farar ƙatuwar nan mai jan kai da ƙafa shida a gaba ai gwazarma ce, duk wanda ya taɓa haƙar taki a turken awaki ya santa, 'yar buzuzu ce da danginsa kafin su yi fiffike. A cikin durom ruɓaɓɓen abu take ci, ba ruwanki da ita. Amma ranar da za ki kai takin buhun tumatir ki tankaɗe ki tsince su, don akwai irin da ke cin saiwa kuma da ido ba lallai ki bambance ba, kaji ma suna sonta.

Masu ƙafafun nan kuma a nan nake so ki natsu saboda yara. Ki taɓa da tsinke. In ta naɗe kamar gammo, jikinta zagayayye, tafiya a hankali, ƙafa bibbiyu ta kowane gefe a kowace gaɓa, ƙadandoniya ce, ba ta cizo, sai dai tana fitar da wani ruwa mai wari don haka a wanke hannu. In kuwa ya sheƙa a guje, jiki a baje, ƙafa ɗaiɗai ta kowane gefe, shanshani ne, yana cin ƙananan ƙwari amma cizonsa da zafi. Kunama ma tana son maƙalewa a ƙarƙashin durom inda yake a bushe, shi yasa ban yarda a tona taki da hannu tsirara ba, ki sa safar hannu ko ki yi da shebur, kuma ki hana yara wasa a wurin.

Ba ki ambaci tururuwa ko kiyashi ba amma hunturu na zuwa za ki gan su, alama ce takin ya bushe, ki yayyafa ruwa ki juya. Gwajin mai sauƙi ne, ki damƙi takin a hannu mai safa ki matse, ya dunƙule da damshi amma kar ruwa ya tsiyaya. Ita kuwa tana, doguwar tsutsar ƙasar nan, sai da damina in gindin durom ɗin a huje yake yana taɓa ƙasa, in kin gan ta ki bar ta.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, in durom ɗin ba shi da huji ki sa a huda shi ta gefe da ƙasa, ki riƙa juyawa duk sati, ranar da kika buɗe kika ji yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko kuma ba kya gane ɓawon doya daga ganye, to ya nuna, ki kai wa alayyahunki.