Koyil mai lamba 471 da 0.47 µH: yadda ake juya ma'aunan indaktans

Ɗan'uwa, ka ce zanen da'irar lantarkin da kake bi ya nemi koyil (naɗaɗɗiyar waya) mai 0.47 µH, wanda ke hannunka kuma an buga masa 471, kana tambaya ko ɗaya ne, da yadda ake juya ma'aunan daga ƙanana zuwa manya. Dakata, kada ka liƙa shi tukuna.

Indaktans shi ne ƙarfin koyil na turje wa sauyin kwararar lantarki, uwar ma'auninsa kuma ita ce henri, alamarta H. Sunan Joseph Henry ne, masanin Amurka, aka amince da shi a taron masana lantarki na Shikago a 1893. Henri ɗaya babba ne ƙwarai, shi ya sa aiki ya fi yawa a ƙasansa: milihenri (mH), maikurohenri (µH), nanohenri (nH), sai fikohenri (pH). Tsakanin kowane mataki da na ƙasansa ninki dubu ne. In za ka sauka mataki ɗaya, matsar da ɗigo gida uku zuwa dama. In hawa za ka yi, gida uku zuwa hagu. Ke nan 0.47 µH shi ne 470 nH, shi ne 0.00047 mH. Shawarata, ka riƙa rubuta adadin da ma'aunin da zai bar shi tsakanin 1 da 999, domin a jerin sifili ne ido ke yaudarar mutum.

Lambar 471 kuwa: biyun farko adadi ne, ta ukun yawan sifilin da za a ƙara, kuma a yawancin koyil da maikurohenri ake karantawa. Wato 470 µH, ninki dubu na abin da kake nema. Wanda ya dace da kai R47 za ka gani a jikinsa, domin R tana tsayawa a madadin ɗigo: 4R7 shi ne 4.7 µH, 4N7 kuma 4.7 nH. Sai dai akwai wasu ƙananan koyil na aikin rediyo da masu ƙera su ke lissafa lambar da nanohenri, inda 471 ɗin ke nufin 470 nH. Don haka duba takardar bayanin kayan. Jikinsa ma na ba da labari: 470 µH na da naɗi mai yawa na siririyar waya, 470 nH kuwa 'yan zagaye ne kawai.

Ga abin da kuskuren ke jawowa. Haɗa 0.47 µH da kafasita (ma'ajin cajin lantarki) mai 100 pF (fikofarad), za su kama firikwensi kusan 23 MHz. Sa 470 µH a wurin, ya faɗo kusan 734 kHz. Lura, ba ninki dubu ya sauka ba, kusan ninki 31.6 ne, saboda firikwensi na bin tushen murabba'in indaktans. Duk sadda ka ga aikinka ya kauce da kusan ninki 30, fara zargin musayar mH da µH.

Musayar nan na shigowa ta hanyoyi biyu. A wasu tsofaffin takardun da aka mayar zuwa kwamfuta, harafin µ kan rikiɗe ya koma m in salon rubutun ya ɓace. A SPICE kuma, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki a kwamfuta, M babba da m ƙarama duk mili suke nufi. Mega sai ka rubuta MEG, maikuro kuma u.

Manyan ma'aunai ba su da wahala. Kilohenri henri dubu ne, megahenri miliyan, amma da wuya ka riƙe irinsu a hannu. Koyil ɗin tace wuta na amfilifaya mai bawul ma henri 5 zuwa 10 ne galibi. Daga fikohenri zuwa kilohenri matakai biyar ne, gida 15 ke nan. A tsofaffin littattafai za ka ci karo da abhenri, wanda daidai yake da nanohenri ɗaya, da stathenri, kusan henri biliyan 899.

In da kanka za ka naɗa a kan zobe, kula da adadin AL, wato indaktans ɗin da zagaye ɗaya ke bayarwa a kan wannan zoben. Indaktans shi ne AL sau yawan zagaye sau yawan zagaye. Wasu na ba da AL da nH, wasu da mH a zagaye 1,000, waɗannan biyun adadinsu ɗaya ne. Amma in da µH a zagaye 100 aka bayar, sai ka raba da 10. Misali, zoben T50-2 mai AL 49 (µH a zagaye 100) ya zama 4.9 nH, zagaye 10 zai ba ka 490 nH, dab da abin da kake nema, ka ɗan buɗe tazarar naɗin ka daidaita.

Awo ne wurin da aka fi shan wahala. A 1 kHz, turjiyar 0.47 µH ba ta wuce kusan om 0.003 ba, ƙaramar mitar awo ba za ta gan ta da kyau ba. Sa mitar LCR (na'urar auna koyil, kafasita da turjiya) a 100 kHz in tana da shi. Miƙaƙƙiyar waya kanta na da kusan 1 nH a kowace milimita, don haka wayar awo mai santimita 10 za ta ƙara maka kusan 100 nH, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na koyil ɗinka. Haɗa bakin wayoyin biyu, ka mayar da mitar sifili, sannan ka auna ba tare da ka sauya zaman wayoyin ba. Wajen liƙawa ma ka gajarta ƙafafun koyil ɗin iya yadda za ka iya.