Filin Masu Keke: Ƙaramin Kuɗi, Wane Keken Hawan Dutse Zan Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya, ina son keken hawan dutse da zan riƙa zuwa aiki a kan kwalta, ranar Asabar kuma in shiga hanyoyin gona da burtali. Kuɗina ba su da yawa. A kasuwa an nuna mini sabo fil mai shokazoba gaba da baya, giya 21, birkin faifai. An kuma nuna mini wani na hannu, ƙirar kamfanin Giant, mai shokazoba a gaba kawai, farashinsu kusan ɗaya. Tsawona santimita 172. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki na hannun, muddin ya tsallake binciken da za mu bayyana maka. Sabon nan mai shokazoba biyu kyan ɗan maciji ne. Shokazobar baya ta keke mai araha sifirin ne zalla, babu mai a ciki da zai tare shi in ya lotsa zai dawo, saboda haka duk lokacin da ka taka feda sai keken ya yi ƙasa ya yi sama, ƙarfin da ya kamata ya tafi taya ya ƙare a rausaya. Gaɓoɓin da suka haɗa bayan keken da gabansa kuwa bushin ne marasa ƙwari, ƙura na shiga ta cinye su, tayar baya ta fara kaɗawa hagu da dama. Ga nauyi: irinsu sukan kai kilo 17 zuwa 19, alhali keken alminiyam mai shokazobar gaba kaɗai yakan tsaya a kilo 13 zuwa 15. Za ka ji wannan bambancin a cinyarka kowace safiya.

Kafin komai, duba girman firam, domin shi ne abin da ba ya gyaruwa bayan an biya. Mai tsawon santimita 172 firam na inci 17 ne nasa, wanda ake rubuta wa M. Daga 155 zuwa 165 inci 15 ne, daga 178 zuwa 185 kuma inci 19. Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa: a samu tazarar aƙalla santimita 5 tsakaninka da ƙarfen sama. Sai ka hau sirdi, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. Idan sai an zaro sandar sirdi ta wuce layin da aka zana mata kafin ka samu haka, keken ya yi maka kaɗan, kuma sandar da aka zaro fiye da kima tana tsaga firam.

Yawan giya kada ya ruɗe ka. Giya 21 faranti 3 ne a gaba da 7 a baya, kuma da yawa daga cikinsu maimaicin juna ne. Abin dubawa shi ne sunan da ke jikin na'urar sauya giya ta baya. A kayan Shimano, Tourney ne na ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore. Altus ko Acera sun ishe ka shekaru. Ka lura, wasu masu haɗa keke mai araha sukan sa Shimano a wurin da ido ke gani kaɗai, sauran kayan duk marasa suna.

Akwai wani abu a tayar baya da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Farantan giya iri biyu ne: wanda ake murɗawa a jikin cibiyar taya, da wanda ake zurawa a ɗaure da zobe. A na murɗawa, boris na gefen dama yana can ciki, sai a bar wani tsawo na gatarin taya ba madogara, shi ya sa yake lanƙwashewa ko ya karye in ana yawan faɗawa rami ko ana goyo. Yawancin masu faranti 6 da 7 na murɗawa ne, masu 8 zuwa sama kuwa galibi na zurawa ne. In kana da zaɓi, ɗauki na zurawa.

Yanzu ga binciken na hannu, kuma a yi shi da rana, bayan an goge keken. Bi duk wurin walda da ido da farce, musamman ƙarƙashin wuyan keke da inda sandar sirdi ke shiga. Siririn layi baƙi a jikin fenti tsaga ce. Firam ɗin alminiyam da ya tsage ka bar shi komai arharsa, don bayan walda sai an gasa shi a masana'anta kafin ƙarfinsa ya dawo, mai waldar bakin titi ba shi da wannan. Kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, domin wadda ta kafe da tsatsa takan gagari kowa. Kama birkin gaba, ka tura keken gaba da baya: in ka ji ƙwas-ƙwas, ko boris ɗin wuya ya saki, wanda gyaransa mai sauƙi ne, ko bushin ɗin shokazoba sun cinye, wanda galibi sai dai sauya fok gaba ɗaya, wato ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba. Kama hannun feda ka jijjiga shi gefe da gefe, bai kamata ya motsa ba. Ɗaga kowace taya ka juya, kana kallon tazararta da birki. Karkatar milimita 2 ko 3 mai gyara zai daidaita da waya, amma rim da ya lotsa sai sabo. Tsaya ta baya ka dubi na'urar giya: ta sauko a miƙe daidai da farantan. In ta karkata ciki, ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita ya lanƙwashe, kuma wata rana za ta shige cikin wayoyin taya.

Kaca kuma da ma'auni ake gane ta. Gaɓa 12 cikakku na sabuwar kaca (ta ciki da ta waje a haɗe su ne gaɓa ɗaya cikakkiya) inci 12 ne daidai, wato santimita 30.5. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, a sauya ta. In ta kai milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran farantan baya, sai a sauya su tare, in ba haka ba sabuwar kaca za ta riƙa tsallake. Ka cire kuɗin wannan daga farashi wajen ciniki.

Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan keken. Ware kashi ɗaya cikin biyar don wayoyin birki da giya, takalman birki, giris, famfo, kwaɗo mai ƙarfi, fitila da hular kwano.

Tambaya: Birkin faifai ko na roba mai kama rim? Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Ɗan samari, a Jos akwai gangara ga ruwan sama, don haka faifai yana da amfani: ba ya rasa kamu in rim ya jiƙe ko ya sha taɓo. Amma fa faifai mai kyau. Na waya maras suna takalmi ɗaya ne ke motsi a cikinsa, yana tura faifan ya jingina da ɗayan, shi ya sa yake yawan gogawa, yana son saiti a kai a kai, takalminsa ma wani lokaci ba a samu. Birkin V mai kyau, wato na roba mai kama rim, ya fi irin wannan, kuma kowane mai gyara ya iya shi. Birkin faifai mai aiki da mai maimakon waya ya fi kowanne kamu, sai dai ka tabbata akwai wanda ya iya cire masa iska a garinku. Na Shimano man ma'adinai yake sha, in aka zuba masa man birkin mota robobin ciki za su kumbura su lalace. Kada mai ko giris ya taɓa faifan ko kaɗan, don takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa.

Tambaya: Ɗana kullum yana wurin mai faci. Tayar ce ba ta da kyau? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, a sa shi ya dubi tub ɗin. Huda ɗaya ƙarama ta gefen waje ƙaya ce, galibi tsidau, kuma sau da yawa tana nan maƙale a cikin tayar, tana sake huda duk tub da aka sa. A shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin a mayar. Huda biyu gefe da gefe ƙarancin iska ne, rim ne ya datse tub a bakin rami. Huda ta gefen ciki kuwa kan waya ne ya fito saboda kyallen da ke rufe rim ya yage. Ga taya mai faɗin inci 2.1 da mahayi mai kilo 70, a sa iska psi 45 zuwa 50 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) a kwalta, 30 zuwa 35 a hanyar ƙasa da rairayi. Yaro maras nauyi a rage masa. Kada a wuce adadin da aka rubuta a gefen tayar, domin injin mai faci yana cika ta cikin daƙiƙa kaɗan. In za a sayi sabuwa don cikin gari, a nemi mai santsi a tsakiya da ƙuraje a gefe. Mai manyan ƙuraje tana da nauyin tuƙi a kwalta, tana kuma saurin cinyewa. Taya mai inci 26 ta fi sauƙin samu a kasuwanninmu fiye da 27.5 da 29.

Tambaya: Baƙin mai ya yi wa kaca? Daga Kumasi.

Amsa: A'a, Malam. Cike yake da garin ƙarfe, kuma yana kama ƙura ya zama abin da ke goge kacar. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ka bar ta ta bushe, ka ɗiga man kaca ko man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka goge wajenta tas da tsumma. Da hunturu a yi haka duk mako, da damina kuma duk bayan ruwa ya dake ta.