Namun daji a hanya: yadda mai babur zai yi

Ɗan'uwa, ka ce ka fara tafiya mai nisa da babur ta hanyoyin da ke ratsa daji, kana tambayar abin yi idan dabba ta faɗo maka, da kuma ko gara ka daina.

Kada ka daina. Wanda ke cikin mota ba ya jin sanyin da ke tashi daga fadama, ba ya jin ƙamshin ƙasa bayan ruwa, bai san daɗin kwantar da babur a kwana ya miƙe da kansa ba. Sai dai babu ƙarfen da ya kewaye ka, don haka lissafinka ne zai tsare ka.

Ga lissafin. A gudun kilomita 80 cikin awa, kana cin kimanin mita 22 duk daƙiƙa. Daga ganin dabba zuwa hannunka ya kama birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato mita 33 sun tafi. Birkin kansa a busasshiyar kwalta zai ci wajen mita 35. Jimla kusan 70. Idan ka sauko zuwa 50, duka biyun ba su wuce mita 35 ba. Da dare, ka tabbata za ka iya tsayawa cikin iyakar hasken fitilarka. In ba za ka iya ba, gudun ya yi yawa, ko da hanyar fayau take.

Mafi munin lokaci shi ne asuba da magariba, lokacin da namun daji ke fita kiwo da shan ruwa, ido kuma ba ya rarrabe su da ciyawa. Ka lura da inda hanya ta ratsa rafi, ko inda duhuwa ta matso bakin kwalta. A irin wurin nan ka ɗora yatsu biyu kan birkin gaba, ka matsa daga gefe zuwa tsakiya idan babu mai tahowa. Idon yawancin namun daji yana ƙyalli a fitila. Sabon kashi a kan hanya shi ma shaida ce, ga shi da santsi.

Idan babbar dabba ce, kamar barewa ko mugun dawa, birki ne maganinta, ba kaucewa ba. Miƙar da babur tukuna, saki totur, matse birkin gaba a hankali sannan ka ƙara ƙarfi yayin da nauyi ke komawa kan tayar gaba, ka haɗa da na baya. Na gaba shi ke ɗauke da kusan kashi 70 na tsayawa. Fizgarsa lokaci guda ke sa taya ta kulle ta zame, sai dai in babur ɗinka yana da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, wannan matse shi kawai za ka yi. Birki da kaucewa a tare kuwa suna kayar da mutane, domin riƙon da taya ke yi wa kwalta ba ya isar aiki biyu. Kuma ka kalli inda kake son bi. Wanda ya zuba wa dabba ido, kanta zai nufa.

Ɗaya ta tsallaka? Jira. Barewa da birai ba safai suke tafiya su kaɗai ba, ta ƙarshe kuma ita ce mai ruɗewa.

Ƙananan dabbobi irin su zomo ko kurege, ba a barin layi dominsu. Riƙe kan babur sosai, ɗan ɗaga mazaunai daga kujera, ka wuce a miƙe. Tausayi yana da kyau, amma ba a gaban motar da ke tahowa ba. Kare mai bin babur yana auna inda zai tare ka ne: rage gudu, sauko da giya, yana matsowa ka ba da wuta. Kada ka kai masa shuri. Ungulu a kan mushe tana da nauyin tashi, sau da yawa daidai fuskarka take bi, don haka rage gudu tun daga nesa. Giwa kuwa, tsaya can nesa, ba hon, ba murza totur, ka juya kan babur ya fuskanci inda ka fito.

Ka sa hular kwano mai rufe haɓa, da gilashi fari idan dare zai same ka, safar hannu, jaket mai kauri da takalmi mai rufe idon sawu. In an yi karo, kada ka kusanci dabbar da ta ji rauni, tana shuri tana cizo. Kafin ka sake hawa, duba ko kan babur ya karkace, ko man birki yana zuba, ko gashi da jini sun maƙale a faifan birki.