Ɗana yana fesa fenti a ɗaki, wai madara za ta wanke masa ƙirji

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda. Ɗana mai shekara 15 yana zuwa ajin zane da ake yi wa matasa da dare a wani gidan baje kolin fasaha. Yanzu ya sayo fentin fesawa da wani ruwa mai suna rezin, yana kulle ɗaki yana aiki har sha biyun dare. Kansa na ciwo, yatsunsa sun yi ja. Ya ce in ya sha madara shi ke nan. Hankalina a tashe yake. In hana shi zuwa ne?

Amsa: Hajiya, kada ki hana shi. Ajin ba shi ne matsalar ba, ɗakin ne. Jidda ta samu wurare masu kyau: cibiyar fasaha ta Hayy Jameel da aka buɗe a 2021, da baje kolin fasahar Musulunci da aka yi a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a 2023 da 2025, inda ake haɗawa da azuzuwan koyon sana'ar hannu. Zafin rana da makaranta ne ke sa a kai irin waɗannan shirye-shirye yamma. Ki duba shekarun da aka ƙayyade, ki yi masa rajista da wuri, ki san lokacin tashi. Wannan ya ishe ki.

Maganar madarar ce ta dame ni. Wallahi na gaji da jin ta, daga bakin masu fentin mota har zuwa masu koyar da rezin a TikTok, waɗanda ko safar hannu ba sa sawa. Madara ciki take shiga. Tururin fenti kuwa huhu yake shiga, ya wuce cikin jini, ya kai ƙwaƙwalwa cikin mintuna kaɗan. Ina suka haɗu, balle ɗaya ya wanke ɗaya? Ciwon kan da yake ji, da jiri, aikin sinadaran da ke cikin gwangwanin ne, irin su toluwin da zailin da asiton. Illar madarar ita ce tana sa yaro ya ɗauka ya sha magani, sai ya ƙara awa biyu a cikin tururin.

Mafi muni shi ne ranar da ƙaninsa zai ɗauki robar ruwa da aka zuba tina a ciki, wato ruwan tsinka fenti, ya kurɓa. Nan da nan za ki ji ana a ba shi madara, a ɗura masa manja, a sa masa yatsa ya yi amai. Kul! Tina kamar kalanzir yake: in aka sa yaro amai, yakan sarƙe shi ya faɗa huhu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya jawo ciwon huhu mai tsanani. Ba a sa amai, ba a ɗura komai. A kira 997 na motar asibiti, ko 937 na ma'aikatar lafiya, a tafi asibiti da robar a hannu.

Mukayyif ma, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya fitar da komai. Wanda ake maƙalawa a bango iskar ɗakin yake sanyayawa ya dawo da ita, tururin na nan yana zagayawa, yaron kuma a ciki zai kwana. Takunkumin korona ma ba ya tare tururi, sai mai matacin gawayi da aka yi domin fenti.

Jan yatsun nan daga rezin ne. Ruwa biyu ake haɗawa, kuma na biyun, mai daskarar da shi, shi ke cin fata. In fata ta saba taɓa shi, takan kamu da borin jini wanda ba ya barin mutum, ko ɗigo ya taɓa sai ƙaiƙayi da kumburi. Ya daina taɓa rezin yanzu, likitan fata ya duba shi. In likita ya yarda ya koma, to da safar hannu ta robar nitiril da tabarau, a farfajiya ko saman bene. Ya bi ma'aunin da ke jikin kwalba daidai, wasu ɗaya da ɗaya ne, wasu biyu da ɗaya. Kada ya dama da yawa a kofi guda, domin haɗin da kansa yake zafi, yakan yi hayaƙi ya narkar da kofin roba. In ya zuba a hannu, sabulu da ruwa, ban da tina. In ido ne, ruwa na minti 15, sai asibiti.

Gwangwanayen fesawa a fitar da su daga ɗakin kwana yau ɗin nan. Iskar gas ce a ciki, tana kama wuta, kuma an rubuta kada su wuce digiri 50, abin da motar da aka ajiye a ranar Jidda ke wucewa cikin sauƙi. Ki saya masa fentin akirilik mai wankuwa da ruwa, da alƙalamin kara da tawada don rubutun Larabci, waɗannan ya yi su a ɗaki yadda yake so. Rezin da fesawa kuwa, ki je ajin da kanki ki tambayi malaminsa ranar da ake yin su a wurin.