Amsa ga uwar da ta ce 'yarta ta daina magana

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki sai yanzu na samu zama. Kin ce 'yarki mai shekara 15 wata biyu kenan daga makaranta sai ɗaki, abinci sai kin yi da gaske, dangin babanta kuma wasu na cewa aljanu ne wasu na cewa soyayya ta fara. Wallahi da na karanta jikina sanyi ya yi, don kamar gidana kika leƙa.

Nawa namiji ne, lokacin yana SS2 a makarantar kwana. Yaron da in ya dawo hutu gidan ba ya zaunuwa saboda surutu da musun ƙwallo, sai ga shi ya dawo shiru, abokai su zo sallama ya ce a ce ba ya nan. Kullum ciwon kai, kullum ciwon ciki, sau uku muna gwajin maleriya da taifod a kemis ana dirka masa allura ba canji. Ran nan ina shara na jawo kwanon tuwonsa na daren jiya a ƙarƙashin gado, ko taɓawa bai yi ba har tururuwa ta hau. Ni kuwa da ban sani ba faɗa na hau yi, me ka rasa a gidan nan, ci ko sha? Sai wani dare wajen ƙarfe uku na fito alwala na same shi zaune a tsakar gida shi kaɗai cikin sanyi, na ce lafiya, ya ce Umma ni da ma ba a haife ni ba. Nan fa idona ya buɗe.

Abin da zan ce ki kalla shi ne canji, yaya take da, yaya ta koma yanzu, don akwai yaran da dama can Allah ya yi su masu shiru ne. Barci ya lalace ko ya yi yawa, abin da take so da ta daina, sakamakon jarabawa ya faɗi, wanka ma sai an matsa. Kuma su yara ba lallai ki ga kuka ba, sau da yawa saurin fushi ne da tsiwa, mu kuma mu ce rashin kunya. Likitan da ya duba nawa ya ce in irin wannan ya wuce sati biyu kusan kullum to a daina cewa ƙuruciya ce, ciwon damuwa ake zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, to kin ga ba ke kaɗai ba ce, ɓoyewa kawai muke yi.

Ki duba hannunta ko akwai yanka ko ƙuna. Ki duba jaka ko akwai fankon ƙwaya, kodin dai an hana tun 2018 amma tiramol da rochi suna nan, kuma 'yan mata ma na sha. In ta fara rabar da kayanta ko maganar mutuwa, kar ki ce a'uzubillahi ki rufe mata baki, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin yi wa kanta illa, tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi ma take ba shi. Fiya-fiya da maganin ɓera da tarin magunguna ki kulle su yau ɗin nan.

Magana kuma kar ki zaunar da ita kamar kotu. Ni muna tsinkar zogale ne, ba na kallonsa ba ya kallona, ya faɗa min abin da siniyoyi ke masa a hostel. Ke da yake mace ce ki bi a hankali ki ji ko wani ya taɓa ta ko yana mata barazana da hoto a waya, in ta kasa faɗa miki ki haɗa ta da gwaggo ko yayar da ta yarda da ita.

Ruƙiyya mun yi, addu'a ba mu fasa ba, amma mun je asibiti, duka biyun ba sa faɗa da juna. Asibitocin ƙwaƙwalwa akwai na Barnawa a Kaduna, Dawanau da ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano a Kano, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Na san abin da za ki ji, wai wa zai auri 'yar da aka kai Dawanau, ni ma sai da surukata ta yi wata ba ta amsa gaisuwata. In an ba da magani yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi kai tsaye sai da sanin likita, mu mun taɓa yankewa da muka ga ya warware, sai da muka koma baya.

Makarantar dai mun cire shi muka mai da shi jeka-ka-dawo, ya maimaita aji, yanzu yana aji biyu a jami'a, musun ƙwallon ma ya dawo har ya ishe ni. Ki faɗa min garin da kike sai in ce miki wanda ya fi kusa. Allah ya ba ta lafiya.