Magazena ya ƙone: yaushe zan ɗauko nawa ekisper, kuma ya halatta?

Tambaya:

Salamu alaikum Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sarin kayan masarufi, shinkafa, suga, mai, sabulu da sauransu. Yau kwana 9 wuta ta ci magazena da daddare, ana zaton wayar lantarki ce. Ina da asurans, wato inshora, na gobara dan kamfanin da nake ɗaukar kaya a wajensu su suka sa min sharaɗi, in babu ba za su ba ni kaya bashi ba. Washegari na kai wa 'yan asurans takarda, sun turo ekisper ɗinsu, wato mai kintata asara, ya zo ya zagaya ya ɗau hoto ko awa ɗaya bai yi ba ya tafi. Toh wani ya ce min in ɗauko nawa ekisper mai zaman kansa wanda zai tsaya min, zai karɓi kaso daga abin da aka biya ni. Yayana kuma ya ce a'a in jira in ga me za su bayar tukuna, wai ɗauko mutum tun yanzu kamar ban yarda da ƙaddara ba ne kuma zai ɓata musu rai su riƙe dosiyena. Mai gidan da nake haya shi ma ya matsa a kwashe toka zai gyara. Malam ya halatta? Kuma yanzu zan ɗauko shi ko sai sun faɗi nasu?

Amsa:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Allah ya mayar maka da mafi alheri Alhaji, ya sa kaffara ce.

Ya halatta, kuma yanzu ne lokacinsa, kafin a taɓa tokar nan. Da ka tambaye ni a rana ta biyu ma haka zan ce maka.

Dalili na farko shi ne kai ne mai da'awa a wannan magana, kai ka ce kaya kaza sun ƙone, kuma ƙa'idar shari'a sananniya ce, hujja tana kan mai da'awa rantsuwa kuma kan wanda ya musa. Toh hujjarka tana ina? Tana cikin tokar nan. Ragowar buhunan da suka narke, gwangwanayen da suka fashe, jarkokin mai, ƙarafan kanta, inda wutar ta fi ci da inda ta fara, wanda ya san aikin zai iya ƙirga katan nawa aka jera daga abin da ya saura a ƙasa. Ranar da mai gida ya kawo yara da baro suka kwashe, ko ruwan sama ya dake wurin, shi kenan sai maganarka da rahoton mutuminsu, kuma kai ka san wanne za a ɗauka.

Akwai abin da nake yawan tunawa a irin wannan. Manzon Allah (SAW) yana aika Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Haibar ya yi kintacen dabino, kuma yana aika shi ne lokacin da dabinon ya nuna yana kan bishiya kafin a fara ci. Ba a cewa bari a cinye tukuna in an yi gardama sai a kira mai kintace. Kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa mutanen Haibar sun tara masa kayan adon matansu dan ya sassauta musu, ya ƙi, ya ce rashawa haramun ce ba ma cinta. Kaga abu biyu kenan a wuri guda, lokacin kintace da kuma irin mutumin da ake ba kintace.

Maganar yayanka kuwa, Allah ya saka masa, tausayinka yake ji amma bai dace ba. Yarda da ƙaddara a zuciya take, ka ce Allah ne ya bayar shi ya karɓa, ba ka yi kururuwa ba ba ka zagi kowa ba. Neman haƙƙinka wani abu ne daban. An ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma an hana mu tozarta dukiya, ballantana ma kai wani ɓangare na kayan nan ba naka ba ne, bashi ne a wuyanka, in ka yi sakaci aka biya ka kaɗan masu kaya ba za su ce ƙaddara ce su yafe ba. Ekisper ɗin kamfani ban ce maka azzalumi ba ne, ta yiwu mutumin kirki ne, sai dai su suka ɗauko shi su za su biya shi, kuma a ƙasa da awa ɗaya ba a ƙirga magazen ɗan sari. Ɗauko naka ba tuhuma ba ce, a kontira, wato takardar yarjejeniyar asurans, na gobara yawanci an rubuta ka na da wannan damar, in su biyun suka saɓa sai a kira na uku ku raba kuɗinsa. Ka duba naka kontiran, wani ma akwai layin da ya ce su za su biya wani abu daga ladan ekisper ɗinka.

Batun kwanaki, dokar asurans ɗinmu ita ce ta CIMA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai tsara harkar asurans, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, Kamaru da Cadi da Nijar duk ita suke bi. Wa'adin sanar da kamfani ba ya gaza kwana 5 na aiki, in sata ce awa 48, wannan ka riga ka tsallake alhamdu lillah. Sannan haƙƙin kai ƙara yana faɗuwa bayan shekara 2 daga faruwar abin, mutane da yawa nan suke faɗawa, a yi ta ce musu dawo wata mai zuwa dosiye na Duwala har lokaci ya cinye. Naɗa ekisper yana katse wannan ƙirgen, haka wasiƙa rekomande, wato mai rajista a gidan waya, da ka aika musu kan a biya ka. A gobara kuma dokar ta ce in wata 6 suka wuce bayan ka miƙa lissafin asararka ba a gama kintace ba, kowane ɓangare zai iya zuwa kotu. Lura da wannan, agogon yana farawa ne daga ranar da ka miƙa lissafin, kuma lissafin nan shi ne ainihin aikin da mutuminka zai maka. Duk ranar da ka jinkirta kanka ka jinkirta wa.

Saboda haka gobe in Allah ya kai mu ka nemi uwisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya zo ya yi konsta, wato ya rubuta yadda ya tarar da wurin, da hotuna, ka karɓo takardar 'yan kashe gobara da ta kumsariya, wato 'yan sanda, in sun zo, ka bi masu ba ka kaya su sake fitar maka da fakitir, wato takardun sayen kaya, tunda naka littafin wataƙila ya ƙone. Mai gida ka lallaba shi ya ƙara maka kwanaki, shi ma yana da haƙƙi, in ya kama ka biya shi hayar kwanakin ka biya. Kuma kar ka sa hannu a wata takarda da ta ce ka karɓa ka gamsu sai naka mutumin ya karanta, dan sulhu in ya ƙullu ya ƙullu a shari'a ma, sai dai in an yaudare ka.

Ladansa. In kun yanke kuɗi sananne, ijara ce ba gardama. In kaso ne daga abin da aka samo, wannan ya shiga babin jinga wato ju'ala, asalinta ayar Suratu Yusuf ta 72 inda aka ce wanda ya zo da shi yana da kayan raƙumi guda. Wasu malamai sun ƙi dan ba a san adadin ba ranar ƙullawa, amma Buhari ya kawo daga Ibnu Abbas cewa ba laifi mutum ya ce sayar min da tufar nan abin da ya haura kaza naka ne, ni a nan nake. Sharaɗi dai a rubuta kason tun farko, kuma a fayyace daga duka kuɗin ne ko daga abin da ya ƙaru kan tayin kamfani, wannan wurin ne ake faɗa daga baya.

Haɗarin mai kaso ɗaya ne, in lissafi ya kumbura aljihunsa ya kumbura. In ya ce mu ƙara katan 200 ai kowa haka yake yi, ko mu nemo fakitir na bogi, ka sallame shi a ranar. Wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda aka yanke wa haƙƙin wani saboda ya fi iya baki yanki ne na wuta aka yankar masa. Kamfani ne ba mutum ba, wannan ba ya halatta ƙarya. Kar kuma ka sa ran zai yi maka sihiri, in kayanka na miliyan 20 ne ka rubuta miliyan 10 a kontira, asarar miliyan 8 miliyan 4 za a ba ka, haka lissafin yake.

Na san wani zai ce Malam ai asurans ɗin ma haramun ne. Gaskiya ne majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta ce na kasuwanci bai halatta ba saboda garari, wato rashin sanin abin da za a bayar da abin da za a samu, ta halatta na taimakekeniya, Shaihu Mustafa Zarƙa kuma ya halatta shi, kuma cikin masu haramtawa akwai masu cewa kar ka karɓi fiye da abin da ka zuba. Abin da na natsu da shi a halinka, tunda sharaɗi aka sa maka kuma akwai bashin mutane, ka karɓi daidai asararka ka fara da biyan masu kaya. In aka ɗora maka kuɗin ruwa na jinkiri, dan dokar ta ba ka damar nemansa bayan wata 3, wannan kar ya shiga cikinka, ka cire shi ka ba mabuƙata. CIMA ta fitar da tsarin takaful, wato asurans na taimakekeniya irin na Musulunci, tun 2019, lokacin sabunta kontira ka tambaya ko akwai mai yinsa kusa da kai kuma masu ba ka kaya za su amince da shi.

Wallahu a'alam.